FILIN ILMIN SAMA: Yadda A Ke Haihuwar Taurari, Da Yadda Su Ke Barin Gida

Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko kuwa a unguwar da fitilun lantarki ba su yi yawa ba, ya san Kaza da 'Ya'yanta, watau 'yan taurarin nan da ke cure wuri guda, waɗanda malaman hisabi ke kira Surayya, su ke kuma lissafa su cikin masaukan wata 28. Mai lafiyar ido ya kan ƙirga shida ko bakwai daga cikinsu. Amma da aka duba su da madubin hangen nesa sai aka tarar sun fi 1,000, kuma bincike ya nuna cewa sunan da Hausawa suka ba su bai yi nisa da gaskiya ba, gama 'yan ɗaki ɗaya ne. Daga abu guda suka fito, kusan lokaci guda, kuma har yanzu tare su ke tafiya.

To, masana sun gano cewa wannan ba abu ne da ya keɓanta ga Kaza kaɗai ba. Galibin taurari a cikin taro a ke haihuwarsu, ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda, kuma a manyan tarurrukan a kan sami waɗansu 'yan ƙalilan masu girman gaske a tsakiya, waɗanda makomar sauran ta rataya a kansu. Abin da filin zai duba a wannan mako ke nan, ta hanyar wani wuri guda da aka fi kowane bincike, watau Gajimaren Oriyon.

INDA WURIN YA KE

Oriyon suna ne da Turawa suka gada daga mutanen Girka na dā, waɗanda suka ga siffar maharbi a jerin waɗansu taurari masu haske. Larabawa kuwa suna kiran jerin Jauza'u. Alamarsa ita ce taurari uku da suka jeru reras kamar an sa igiya, su ne ɗamarar maharbin. Kudu da su akwai wani ɗan gajeren jeri da a ke kira takobi, kuma in aka ƙura wa na tsakiyar takobin ido za a ga bai fita sarai kamar sauran taurari ba, ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi. Wannan ɗan hayaƙin shi ne gajimaren da a ke magana.

Nisan irin waɗannan wurare ya wuce a faɗe shi da kilomita, saboda haka da tafiyar haske a ke auna shi. Haske ya kan ci kilomita 300,000 cikin sakan guda, kuma daga rana zuwa duniyar nan minti takwas da 'yan kai ya ke yi. Daga Gajimaren Oriyon kuwa sai ya yi shekara kimanin 1,350 a hanya. Watau hasken da ido zai gani a daren yau ya baro can fiye da shekara 300 kafin zamanin da tarihi ya ce Bagauda ya yi sarautar Kano. Duk da haka, cikin wuraren da a ke haihuwar manyan taurari babu wanda ya fi shi kusa, shi ya sa masana suka mayar da shi makarantarsu.

Cikin shekarar 1617 Galileo na Italiya ya juya ɗan madubinsa wajen, ya ga taurari uku a matse wuri guda. Daga baya aka ga na huɗu, aka sa musu suna Tirafiziyam saboda siffar zamansu mai kusurwa huɗu. A 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya ɗauki hoton gajimaren, wanda shi ne hoto na farko da aka taɓa ɗauka na irin wannan abu. Yanzu an san cewa waɗannan manya huɗu suna zaune ne a tsakiyar gungun taurari fiye da 2,000, waɗanda yawancinsu ba su wuce shekara miliyan ɗaya ko biyu da haihuwa ba. In aka tuna cewa rana ta kai shekara miliyan 4,600, sai a gane jarirai ne.

YADDA HAIHUWAR KE FARAWA

Sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai manya-manyan gizagizai na iskar gas, mafi yawanta irin wadda a ke kira haidirojin, gauraye da 'yar ƙura mai laushi wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsu ba. Ko inda suka fi kauri ba su kama ƙafar iskar da ɗan Adam ke shaƙa ba, amma saboda faɗinsu, girgije guda ya kan ƙunshi abin da zai isa a yi rana dubu goma ko fiye. Sanyinsu kuwa ya wuce misali, don ya kan kai awo 260 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

Wannan sanyi shi ne mabuɗin al'amarin. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma wannan ƙarfin ja shi ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, shi ke kuma riƙe da wata kada ya ɓalle. Iska mai zafi tana yunƙurin bazuwa, ta fi ƙarfin jan da ke son tattara ta; mai sanyi kuwa ba ta da wannan kuzari. Cikin 1902 wani masanin lissafi na Ingila, James Jeans, ya lissafa iyakar da in girgije ya wuce ta wajen nauyi da sanyi, to, ba makawa sai ya fara rushewa zuwa cikinsa.

Da ya ke girgijen ba daidai ya ke ko'ina ba, ba ya dunƙulewa ya zama abu guda. Sai ya tsattsage ya zama zare-zare, zaren kuma ya yanyanke ya zama curi-curi, kowane curi ya yi ta jan iskar da ke kewaye da shi. Dalilin da ya sa taurari ke zuwa da yawa a lokaci guda ke nan. Yayin da curin ke matsewa cikinsa na ƙara zafi, juyawarsa na ƙara sauri, har abin da ke faɗowa kansa ya baje kewaye da shi ya zama kamar faifai. In zafin tsakiya ya kai wajen awo miliyan 10, sai ƙwayoyin haidirojin su fara haɗewa da juna suna ba da zafi da haske. Daga nan tauraro ya tsaya da ƙafarsa.

Amma rabon ba ya zuwa daidai. Mafi yawan curin ƙanana su kan zama, ba su ma kai rana nauyi ba, kuma tauraro irin rana ya kan ɗauki shekara miliyan 30 ko fiye kafin ya kammala. Ƙalilan ne ke samun abin da ya ninka rana sau goma ko sau talatin, su kuwa cikin shekara wajen 100,000 sun kama wuta. Saboda haka manyan su kan fara ruri tun ƙannensu na cikin zanen goyo, kuma daga nan labarin gidan ke sauyawa.

BABBAN CIKIN MANYA

Babban cikin huɗun nan na Oriyon, wanda masana ke yi wa laƙabi da harafin C, ya fi rana nauyi fiye da sau 30, haskensa kuwa ya ninka nata wajen sau 200,000. Zafin fuskarsa ya doshi awo 40,000, alhali na fuskar rana bai kai 6,000 ba. Mafi yawan abin da ya ke fitarwa wani irin haske ne mai ƙuna wanda ido ba ya gani, irin wanda kaɗan daga cikinsa ne ke zuwa daga rana ya babbake fatar mutum. Wannan haske shi ke dukan iskar da ke kewaye, ya zafafa ta zuwa awo kimanin 10,000, har ta riƙa walƙiya da kanta. Watau ɗan hayaƙin da a ke hange daga nan, kusan dukansa aikin tauraro guda ne.

Akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa. Mai karatu zai iya zaton ƙananan taurarin suna kewaya babban ne kamar yadda duniya ke kewaya rana. Rana ita ke da fiye da kashi 99 cikin ɗari na nauyin duk abin da ke kewaye da ita, saboda haka ita kaɗai ke da iko. A Oriyon kuwa, in aka haɗa nauyin ƙanana da na iskar da ta rage, sun fi na manyan nesa ba kusa ba. Kowane tauraro yana amsa jan dukan taron ne gaba ɗaya, ya nufi tsakiya, ya wuce, ya komo ta wata hanya, kamar yadda ƙudan zuma ke yi a bakin amya. An auna saurin wannan kai da komowa an tarar kilomita biyu zuwa uku ne cikin sakan guda.

Cunkoson wurin ma abin lura ne. Tauraron da ya fi kowane kusa da rana yana da nisan tafiyar haske ta shekara huɗu da ɗoriya, babu kowa tsakani. In aka auna wannan nisa daga tsakiyar gungun Oriyon aka zagaye, za a kewaye taurari fiye da 1,000. A 1998 masana biyu a Amurka, Lynne Hillenbrand da Lee Hartmann, suka nuna cewa masu nauyin sun fi taruwa a tsakiya, marasa nauyin kuwa sun fi bazuwa a gefe. Waɗansu masana na ganin a tsakiyar aka haifi manyan, don nan ne iska ta fi yawa. Waɗansu kuma na ganin gangarawa suka yi, gama duk lokacin da babba da ƙarami suka gifta juna, ƙaramin ya kan sami sauri ya yi waje, babban kuwa ya rage gudu ya nutsa ciki.

ZO MU ZAUNA, ZO MU SAƁA

Inda manya suka taru a ƙuntataccen wuri ba a rasa rigima. Taurari biyu suna iya kewaya juna shekaru aru-aru lami lafiya, amma in suka zama uku ko huɗu kusa da kusa, zaman ba ya ɗorewa. A ƙarshe sai an cilla wani waje. Oriyon na da shaidu biyu na wannan.

Ta farko, cikin 1954 Adriaan Blaauw na Holand da William Morgan na Amurka suka lura da waɗansu taurari biyu, AE Aurigae da Mu Columbae, ɗaya yana can arewa da Oriyon ɗaya yana can kudu, kowane yana gudu kimanin kilomita 100 cikin sakan guda, sun juya wa juna baya. Mai irin wannan gudu zai tashi daga Kano ya isa Ikko cikin sakan goma. Da aka bi sawunsu baya sai sawun ya haɗu a yankin Oriyon. A shekara ta 2000 masanan Jami'ar Leiden ta Holand suka sake lissafin da awo mafi inganci, suka nuna cewa kimanin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce waɗansu tagwayen taurari kashi biyu suka yi kiciɓis, biyu aka cilla su waje, biyun da suka rage kuwa su ne tauraro mai haske da ke ƙarshen takobin, wanda a ido ya ke kamar guda.

Shaida ta biyu ta fi kusa. A bayan gajimaren mai walƙiya akwai girgije mai duhu inda haihuwa ke ci gaba, wanda hasken da ido ke gani ba ya iya keta ƙurarsa. A 1967 Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka yi amfani da na'ura mai jin hasken zafi, suka gano wani jaririn tauraro a ɓoye ciki, aka sa masa sunansu. Awon da aka yi ta yi daga baya ya nuna yana gudu kusan kilomita 30 cikin sakan guda, kuma shi da waɗansu maƙwabtansa duk daga wuri guda suka watse, kimanin shekara 500 kafin hasken da a ke gani yanzu ya baro su. A 2017 aka fitar da hotunan da na'urorin ALMA na hamadar Atakama a ƙasar Cile suka ɗauka, aka ga iskar gas ta fantsama ta kowace fuska daga daidai wurin, kamar tartsatsin maƙera, waɗansu harsunanta na gudun fiye da kilomita 150 cikin sakan guda.

ZAMA DA MAƊAUKIN KANWA

Abin da ya fi shafar ƙananan taurarin shi ne abin da ke samun faifan da ke kewaye da su, gama daga wannan faifai na iska da ƙura ne a ke samun duniyoyi, kamar yadda aka sami duniyar nan da 'yan'uwanta daga faifan rana. A farkon shekarun 1990 Robert O'Dell ya yi amfani da madubin Hubble da ke shawagi a sama, ya ɗauko hotunan irin waɗannan faya-fayai a Oriyon, kuma zuwa yanzu an ƙirga fiye da 150. Da yawansu sun yi siffar talibamban, kai mai haske yana fuskantar babban tauraron, wutsiya ta miƙe baya. Hasken nan mai ƙuna ne ke dafa iskar faifan yana kwashe ta.

Saboda haka tsere ne a ke yi da lokaci. Duniya mai girma irin Mushtari tana bukatar shekara miliyan kaɗan kafin ta tara jikinta, kuma in faifan ya ƙare kafin nan, shi ke nan. Wani bincike da aka yi da ALMA a 2014 ya nuna cewa faya-fayan da ke dab da babban tauraron, cikin kashi ɗaya bisa goma na tafiyar haske ta shekara, sun rame har ba su da abin da zai isa a yi Mushtari guda, amma na nesa da shi suna nan da kayansu. Watau ko tauraro zai sami duniyoyi ko ba zai samu ba, wani ɓangare na amsar ya danganta ga inda ya faɗa a cikin taron.

RABUWAR GIDA

Iskar da ta haifi taurari ba duka ta ke zama tauraro ba. A irin waɗannan gungu kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai. Sauran tana nan tsakaninsu, kuma nauyinta na taimakawa wajen riƙe taron. Manyan kuwa ba sa barin ta. Da haskensu, da guguwar da ke fita daga jikinsu, su kan kore ta waje, sa'an nan bayan shekara miliyan kaɗan, da ya ke sun ƙone abincinsu da gaggawa, su kan mutu da wata irin fashewa mai tsanani wadda ke share abin da ya rage. In iskar ta tafi, jan da ke riƙe da taron ya ragu, amma saurin kowane tauraro yana nan yadda ya ke, sai kowa ya kama gabansa.

Wanda ya fara fahimtar muhimmancin wannan shi ne Viktor Ambartsumian na Armeniya. A 1947 ya nuna cewa akwai tarurrukan manyan taurari waɗanda jan junansu bai isa ya riƙe su ba, saboda haka dole suna kan watsewa, kuma tun da har yanzu a na ganinsu tare, lalle ba su daɗe da samuwa ba. Wannan ya zama babbar hujja cewa haihuwar taurari aba ce da ke ci gaba har gobe. Kumbon Gaia na ƙasashen Turai, wanda aka harba a 2013 ya kuma gama aikinsa a 2025, ya auna matsayi da motsin taurari fiye da miliyan 1,000, kuma wani bincike na 2019 da aka yi da awonsa ya tarar cewa cikin ƙananan gungu 28 da aka duba, kashi uku cikin huɗu suna buɗewa. Charles Lada da Elizabeth Lada sun ƙiyasta a 2003 cewa gungun da ke tsira su kai shekarun Kaza ba su kai ɗaya cikin goma ba. Shi na Oriyon, lissafin waɗansu masana ya nuna zai yi asarar yawancin 'ya'yansa, amma mai yiwuwa cibiyarsa ta tsira ta zama kamar Kaza.

ITA KANTA RANA

Yau rana ita kaɗai ta ke tafiya, amma akwai alamar cewa ba haka ta fara ba. Cikin watan Fabrairu na 1969 wani dutse ya faɗo daga sama a kusa da ƙauyen Allende a ƙasar Meziko. A 1976 masana uku a Kalifoniya, Lee da Papanastassiou da Wasserburg, suka sami shaida a cikinsa cewa sa'ad da a ke gina duniyoyin rana akwai wani nau'i na alminiyam wanda ba ya daɗewa, rabinsa kan rikiɗe ya zama wani abu dabam cikin shekara kimanin 700,000. Abin da ke ƙarewa da sauri haka ba zai zo daga nesa ba, kuma manyan taurari na cikin masu ƙera shi. Don haka masana da yawa na ganin an haifi rana ne cikin taro na taurari dubu ko fiye, da wani babba a maƙwabtaka, kusa har ƙurarsa ta iso, amma da tazarar da ta bar faifan rana da abin da ya isa a yi duniyoyi takwas. Tun daga lokacin rana ta kewaya babban garken taurarin da ta ke ciki wajen sau 20, 'yan'uwanta kuwa sun bazu cikin garken, har yau ba a tabbatar da ko guda ba.

GANI YA KORI JI

Wanda ke son ya ga waɗannan matakai da idonsa ba ya bukatar na'ura. Cikin watannin Disamba da Janairu, bayan sallar lisha, Oriyon na fitowa ta gabas. A Fabrairu da Maris kuwa da duhu ya shiga yana can sama, ya ɗan karkata kudu. A zaɓi daren da babu farin wata kuma hazon hunturu ya lafa. A fara da ɗan hayaƙin takobi, mai shekara miliyan ɗaya ko biyu. Sa'an nan a bi layin taurari ukun nan zuwa wajen arewa maso yamma har a iske jan tauraron nan Dabaran. 'Yan taurarin da ke kewaye da shi cikin siffar bakin kibiya wani tsohon gungu ne mai shekara fiye da miliyan 600, wanda ya riga ya saki jiki yana zubar da 'ya'yansa. Shi Dabaran ba ya cikinsu, a kan hanya kawai ya ke, don ya fi su kusa. In aka ƙara gaba kaɗan sai Kaza da 'Ya'yanta, mai shekara kimanin miliyan 100, wadda iskar haihuwarta ta tafi, manyanta na gaske kuma ba sauran ko guda, amma 'ya'yan na nan tare.

A mako mai zuwa filin zai duba yadda manyan taurari ke mutuwa, da abin da su ke bari a baya.